Hudar Ƙusa a Tagar Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa mai yawa, da durƙuso har ƙasa duk da gwiwoyin nan sun daina jin maganata, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Ni ce 'yarki ta fari. Na girme ki yanzu nesa ba kusa ba. Da za mu gamu a hanya, ke ce za ki rusuna ki karɓar mani kaya.

Dalilin wannan takarda shi ne kin aike ni tun ana saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai, na kuwa samo abin da kika aike ni, sai dai na dawo ban same ki ba. Aiken yana hannuna har yau. Akwai kuma maganar ranar da na bar gida, ranar da ba ki fito kin yi mani sallama ba. Ita ma ina so mu gama ta tun ina da sauran idon rubutu.

Na san yaran da ke karanta 'yan rubuce-rubucena za su leƙa takardar nan, kuma za su ɗauka ke muguwar uwa ce, don haka bari in kare ki tun da wuri. A Faskarin da muka sani, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta kallonsa ido cikin ido. Kunya ce, da ita kuma ake auna tarbiyyar mace. Yawanci kaka ke ɗauke ɗan fari ta raba uwa da wannan wahala, to tawa kakar ta rasu ina goye, sai na zauna a gabanki kina rasa inda za ki ajiye idonki. Sunana a bakinki "yarinyag ga". In za ki ba ni tuwo, sai ki ajiye akushi ki fuskanci bango ki ce, "Ga shi nan, in akwai mai ci." Ni kuwa kullum akwai ni.

Bangon da kike yi wa maganar ya cancanta. Babu ɗakin da ya kai naki fari a unguwarmu. In masu jakai suka zo daga Ƙanƙara da farar ƙasa a mangala, sai ki tura ni zaure in ɗebo maki kaɗan-kaɗan daga kowanne, ki murza a yatsa, ki ɗana a harshe, ki mayar da mai yashi. Wadda kika zaɓa sai ki jiƙa ta kwana, ki tace da tsohon ƙyalle, ki shafa da tsumma, ta bushe ki ƙara, har bangon ya yi sumul kamar ɓawon ƙwai. Sauran mata suna rufe bangonsu da jeren kwanoni da tasoshi. Ke kuwa kika bar na gabas fili, kika ce farin ya ishe ki kallo.

Gidanmu ne na ƙarshe a bakin hanyar da ke fita Mairuwa, bayan ɗakinki kuma yana kallon hanyar. Kina da 'yar taga a bangon yamma. Wata rana Baba ya lura mai tafiya a kan raƙumi zai iya hango cikin ɗakin, ke kuma matar kulle ce, sai ya fasa wata tsohuwar garwar kananzir, ya miƙar da ita, ya buga a tagar. Garwar tana da hudar ƙusa a tsakiya, ita ce ma ta sa aka daina ɗiban ruwa da ita. Bai ko kula ba. Ya kakkaɓe hannunsa ya tafi, hankalinsa kwance ya rufe maki hanya.

A shekarar na yi ƙyanda. Haske yana sukar idona, sai kika kwantar da ni a ɗakinki, kika rufe ƙyaure, kika bi duk wata kafa da tsumma kika toshe. Duhu ya yi sosai, ko tafin hannuna ba na gani. Da hantsi ne. Ina kwance ina kallon bangon gabas don babu abin kallo, sai na ga wani abu yana motsi a kansa. Na ce maki ga jaki can yana tafiya a sama. Kika taɓa goshina, kika ce zazzaɓi ne. Sannan kika juya, na ji numfashinki ya tsaya.

Har yau in na rufe ido ina ganinsa, Inna. Tsamiyar da ke ƙetaren hanya ta shigo ɗaki, ta rataye daga rufi, gindinta a sama, rassanta suna lilo a ƙasa. Sararin sama ya kwanta kusa da daɓe kamar ruwan tafki, wata shirwa tana iyo a cikinsa. Jakin nan yana taka rufin ɗaki da kofatansa, kunnuwansa suna reto. Bayansa ga matan Fulani sun jero, ƙafafu sama, ƙoren nono a ƙarƙashin kawunansu, ko ɗigo bai zuba ba. Muryoyinsu suna zuwa ta bayanmu, su kuma suna wucewa ta gabanmu shiru. Komai da launinsa, sai dai a dushe, kamar abin da mutum ke tunawa.

Kika yi salati a hankali. Da wata ce, da ta ruga waje ta tara jama'a, ke kuwa tashi kika yi, kina lalube, har kika gano ɗan zaren hasken da ke fitowa daga hudar garwa. Kika ɗora yatsa a kai, duniyar ta ɓace. Kika ɗauke, ta dawo. Kika yi ta yi har na fara dariya duk da ciwon da nake ji. Abin da kika ce kawai shi ne, "Ashe ta nan suke shigowa."

Daga ranar ba ki sake zama lafiya ba, ni ma ba ki bar ni na zauna ba. Da kin gama aikin safe, Baba ya tafi gona ko kasuwar auduga, sai ki rufe ƙyaure. Kika gano sai an yi haƙuri ido ya saba da duhu kafin mutane su fito. Kika gano hantsi ya fi, don da rana ta karkata yamma sai su zama inuwoyi. Kika tara farar ƙwarya kusa da hudar, kika ga tsamiya guda ta shige cikinta, ƙarama tas, kika yi ta matsar da ita gaba da baya kina kallon itacen yana girma yana ƙanƙancewa. Kika huda ganye da ƙaya kika manna a kan hudar, sai hoton ya fi fitowa sosai amma ya ƙara duhu. Kika lura mai tafiya kudu a waje, a bangonki arewa ya nufa. Kika ce ja ya fi kowane launi ƙarfin hali, baƙin rini kuwa da ya shigo sai ya ɓace.

Saboda jan nan kika mai da ni abin gwaji. Sai ki ɗaura mani jan kallabinki, ki ce in je in tsaya a kan babbar saiwar tsamiya, in ɗaga hannu, in yi tsalle, in juya. Masu wucewa suna ganin 'yar gidan nan ta samu taɓin hankali. In na dawo ina haki sai ki ba ni labari kamar ba ni ba: wai kin ga wata yarinya tana tsalle tana yin ƙasa, wai bakinta a buɗe kamar na ɗan tsako. Allin da kike shafawa a yatsa in kina kaɗi, da shi kike ɗiga alama a bango daidai inda hannuna ya kai. Allin ya ɗan fi bangon haske, sai wanda ya san da shi zai gani. Duk bayan 'yan watanni sabuwar alama tana sauka ƙasa da ta baya. Ina jin ni kaɗai ce yarinyar da aka auna girmanta yana yin ƙasa.

Sai da na girma na gane abin da ke faruwa. A tsakar gida ba ki da ikon kallona. A bangon nan kuwa kina iya zuba mani ido har ki ƙoshi, babu mai cewa ba ki da kunya, tun da ba ni kike kallo ba, bango kike kallo. In muna zaune a duhun kuma, wani lokaci hannunki yakan sauka a wuyan hannuna ya manta bai tashi ba. Ina son wannan duhu, Inna. Ban taɓa son wani wuri kamarsa ba.

Kin tuna da aka kawo majigi garin? Aka kafa farin ƙyalle a fili, inji yana ruri, mu yara muka je, ku matan aure kuka zauna a gida. Na dawo ina ba ki labarin mutane suna tafiya a jikin ƙyalle, a tsaye daidai, suna nuna yadda ake feshin auduga. Kika saurara har na gama, kika tambaye ni ko da launi. Na ce babu, fari da baƙi ne. Kika tambaya ko akwai wanda na sani a ciki. Na ce babu. Kika ci gaba da kaɗinki, kika ce, "To, nawa ya hi. Ba ya shan mai, kuma duk 'yan garinmu ne."

Abu ɗaya ne ya hana ki sakat. "Mi ya sa suke shigowa kai ƙasa?" Kin yi tambayar nan kina tankaɗe, kin yi ta kina tsefe kai. Wata rana ki ce ƙila hudar ce ta yi masu ƙanƙanta, sai sun sunkuya, su kasa miƙewa. Washegari ki rushe maganarki da kanki, ki ce ai mai sunkuyo ba ya juyewa. Wata rana ki ce irin na ruwa ne, yadda itace ke kifewa a tafki, sai kuma ki ce to ina ruwan yake a nan. Lokacin an riga an sa ni elemantare, kika sa na tambayi malaminmu. Ya ce tambaya ce mai kyau, amma karatun manya ne, sai a gaba. Da aka zaɓe ni zuwa makarantar kwana ta 'yan mata a Katsina, wasu iyaye har cikin rumbu suka ɓoye 'ya'yansu. Ke kuwa kika fara ɗinka mani zannuwa, kika ce da bango, "In an tahi can gaban, a tambayo mani."

Sai Gwaggo ta zo daga Sabuwa, yayar Baba, mace mai kirki da saurin firgita. Ta turo ƙyaure da hantsi ba sallama, ta mayar ta rufe, ta zauna tana ba ki labarin hanya. Tana cikin magana idonta ya saba da duhu. Ta ga mai tallan gishiri yana tafiya a rufin ɗaki. Ban taɓa sanin tsohuwa na iya gudu haka ba. Kafin azahar unguwa ta ɗauka cewa iskoki sun tare a ɗakinki, kafin la'asar an ce har hira kike yi da su. Matan da ke aiko 'ya'yansu sayen zarenki suka daina.

Baba ya shigo da kansa washegari ya ce a nuna mashi. Ya zauna a bakin gado ya daɗe. Abokinsa mai gyaran keke ya wuce a kife bisa kekensa, na ji Baba ya yi wani tari wanda na tabbata dariya ce ya haɗiye. Ya sa yatsa a hudar ya ɗauke, kamar yadda kika yi. Ya san ba iskoki ba ne. Amma ya ce bangon nan alƙibla ne, nan kike fuskanta in kina salla, sannan ya ce, "Bakin mutane ya hi ƙarhina." Lokacin rani ne, ana yaɓe-yaɓen gidaje. Ya ce in an zo kan ɗakinki za a shafe tagar gaba ɗaya. Ban taɓa riƙe shi da wannan ba, ke ma na san ba ki riƙe shi ba.

Aka zo kan ɗakinki ana gobe zan tafi. Ina tsaye a hanya Baba ya ɗebi laka ya manna a kan garwar ta waje, ya shafe da tafin hannu. Na shigo na same ki kina kaɗi, mazari yana juyawa, fuskarki ba ta nuna komai ba. Da yamma kika ɗora jan kallabin a kan akwatina, kika ce da bango, "A ɗaura wanga gobe. A bi ta gindin tsamiya, a ɗan tsaya." Na ce a raina, a tsaya wa wa?

Da hantsi Baba ya ɗauki akwatin. Gwaggo ta rungume ni tana kuka, maƙwabta suka leƙo suna sa albarka. Ƙyaurenki a rufe. Na durƙusa a bakinsa na ce zan tafi. Daga ciki kika ce, "Allah shi kiyaye." Shi ke nan. Na jira ko za ki buɗe, ko da faɗin yatsa ne. Ba ki buɗe ba.

Na bi ta gindin tsamiyar don na saba bin umarninki. Na hau saiwar, na dubi bayan ɗakinki, babu taga, sai tabon laka da bai gama bushewa ba. Hannuna ya ɗaga kansa don sabo. Sai kunya da haushi suka kama ni, na ga ina ɗaga wa laka hannu kamar wawuya, na sauke na bi Baba. A bayan motar auduga na yi kuka har Funtuwa. Ba rabuwa da gida ce ta fi ci mani rai ba. Abin da ya tsaya mani shi ne ko ranar tafiya ba ki iya ajiye kunyar nan kin dube ni sau ɗaya ba. Da wannan na kwana na tashi duk zangon karatun farko.

Bari in sauke maki aikenki tukuna. Ban daɗe a makarantar ba na yi ƙarfin hali na tambayi wata malama. Ta ji daɗin tambayar har ta samo gwangwani ta huda gindinsa, ta ɗaure bakinsa da takardar da ta shafa wa mai, muka yi ta leƙen bishiyoyin makaranta a kife. Ga yadda abin yake, Inna. Haske ba ya lanƙwasa, a miƙe yake tafiya. Wanda ya taso daga kan mutum, in zai bi ta huda, dole ya gangaro, sai ya sauka a ƙasan bango. Wanda ya taso daga ƙafarsa dole ya hau, sai ya sauka a sama. A bakin hudar suke gittawa. Na shirya yadda zan nuna maki: in zaro kara biyu daga danga, in zura su cikin zobenki, ki ga na sama ya koma ƙasa, na ƙasa ya koma sama. Na san abin da za ki yi. Za ki karɓe karan ki gwada da kanki, don ba ki taɓa yarda da abin da hannunki bai taɓa ba.

Akwai ƙari, wanda ko ni sai da tsufa na ji shi da kyau. Da aka cire mani yanar ido, likitar, yarinya ce sa'ar jikata, ta ɗauko wani ƙaton ido na roba tana yi mani bayani. Ta ce ido ɗaki ne mai duhu da huda ɗaya a gaba, hoton duk abin da muke kallo kuma a kife yake sauka a bangon bayansa, ƙwaƙwalwa ce ke miƙar da shi ba mu sani ba. Na yi ta dariya a kan gadon asibiti har ta tambaya ko lafiya. Ina zan fara yi mata bayani? Gwaggo ta ruga da gudu daga ɗakinki, alhali da irinsa biyu a fuskarta take gudun.

Saura maganar ranar tafiya.

Sanƙarau ya shigo garin da bazara, ya ɗauke ki cikin 'yan kwanaki. Ba a aiko mani ba, an ce kada a ɗaga mani hankali ina karatu. Na sauko daga mota da hutu, amsarki a bakina, na ga mata suna ganina suna sunkuyar da kai. Tun kafin in kai zaure na sani.

Washegari da hantsi na gaji da masu gaisuwa, na shiga ɗakinki na rufe ƙyaure, don kawai in ɓuya. Tsummokaranki suna nan a kafofin da kika toshe. Na zauna a ƙasa cikin duhu, ba na jiran komai. Can idona ya saba. A bangon gabas sai ga wani haske zagaye, bai fi faɗin faifai ba, a dushe ƙwarai. Babu sararin sama a cikinsa, babu hanya, babu rassa. Gindin tsamiya ne kawai da babbar saiwar nan, a kife. Wata akuya ta shigo ta gefe, ta taka saiwar da ƙafafunta a sama, ta fice.

Na taka gado na lalubi tagar. Ta ciki garwar tana nan, hudar tana nan, bayanta kuma wata 'yar siririyar hanya ta ratsa busasshiyar lakar, a ɗan karkace. Na duba kwandon kaɗinki. Ga mazarinki, tsininsa da busasshiyar laka. Tun lakar tana ɗanya kika zura shi, kika saita shi wuri ɗaya, don kin san kaurin laka ba zai bar ki ki ga hanya duka ba, sai ki zaɓa. Kika zaɓi inda kika ce in tsaya.

Na matsa kusa da bangon. Alamomin allinki suna nan a jere, suna gangarowa. A ƙarƙashinsu duka akwai wata sabuwa, ta fi sauran kauri, kamar an daɗe ana danna yatsa a wurin. Daidai inda hannuna ya kai ne.

Ashe ba laka na ɗaga wa hannu ba, Inna. Da kin buɗe ƙyauren nan da na durƙusa, da sai dai ki kalli gefe ki ce Allah shi kiyaye, a gaban Gwaggo da maƙwabta. Sai kika rufe, don ki gan ni da kyau.

Ban faɗa wa kowa ba. Baba dai na ga ya shiga ɗakin wata rana da hantsi, ya rufe, ya daɗe, ya fito yana gyaran murya. An yi yaɓe sau da yawa bayan nan, amma bai sake bari an taɓa wurin ba har ɗakin ya faɗi da kansa. Tsamiyar an ce tana nan. Hanyar ce ba ta biyuwa yanzu yadda muka saba, ni ma ƙafa ta ƙi.

Na yi koyarwa har na gaji na ajiye, kuma babu ajin da ya wuce ta hannuna ban sa an rufe tagogi an huda kwali ba. Duk sanda yara suka yi tsit, sannan wata ta ce ga mutum can a kife, ke nake ji a bayana. 'Yata ta fari kuwa, ki yafe mani, sunanta nake kira tun daga zaure, har maƙwabta sun gaji.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya gafarta maki, ya jiƙan Baba da Gwaggo. Allah ya haskaka kabarinki, ya buɗe maki taga zuwa Aljanna, mai faɗi, wadda babu mai yaɓe ta. Ya sa duk abin da kika yi marmarin sani a nuna maki shi a sarari. In ya ƙaddara mana saduwa, ina roƙon a bar ni in zo da jan kallabi, don kada ki sha wahalar gane ni cikin taro. Zan tsaya, zan ɗaga hannu. Wannan karon ki fito.

Wassalam.

Taki har kullum,
Yarinyag ga